Yadda Sarkin Darmasa Ya Yi Cefane Ido Rufe

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda gara ta riga ta ci rabin bangonsa, cewa a ƙasashen gabas an yi wani birni ana kiransa Darmasa. Yana da ganuwa da masallatai kamar kowane birni, amma abin da mutanensa ke bugun ƙirji da shi, kasuwarsu ce ta Bakin Kogi. Tun kaka da kakanni take nan. Da an idar da sallar asuba masu lambu za su fara shigowa da kwanduna a ka, ga alayyahu da raɓa a jikinsa, ga gauta da ɗanyar kuɓewa, ga furen lalle da wardi. Lungunanta kuwa duk a karkace suke, babu ko ɗaya da ya miƙe.

Shugabar kasuwar wata dattijuwa ce mai sayar da fure, sunanta Tasalla, ana kiranta Magajiya. Shekara arba'in tana zaune a rumfa ɗaya a ƙofar gabas, inda uwarta ta zauna. Mace ce mai ji da kanta. In ka kushe ɗanta dariya za ta yi, amma in ka kushe kasuwa, ranar za ka san tsohuwa tana da baki.

Ana nan sai tsohon Sarki ya rasu, aka naɗa ɗansa Nafi'u. Wazirinsa, Dalhatu, mutum ne da ya taɓa zuwa wata ƙasa mai nisa sau ɗaya tak, tun daga ranar kuwa komai na gida ya daina yi masa kyau. Ya sa aka gina sabuwar kasuwa a bayan ganuwa, rumfuna a jere kamar sahun salla. Ya dinga cika kunnen Sarki cewa tsohuwar kasuwar abin kunya ce in manyan baƙi sun zo, har Sarki ya sa aka yi shela cewa nan da kwana bakwai za a rushe Bakin Kogi.

Da Tasalla ta ji shelar nan, sai abin duniya ya ishe ta. Ta yi kuka, kukan baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Sa'an nan ta wanke ido, ta yafa mayafinta mai kyau, ta nufi fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, baiwarka ta zo roƙon arziki. Kada a rushe kasuwar nan kafin Sarki ya san abin da zai rushe."

Waziri ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, me za a sani game da lungunan da ko jaki sai ya ɓata a cikinsu?"

Sarki ya ɗaga masa hannu, ya dubi tsohuwa ya ce, "Magajiya, ga sharaɗina. Ki nuna mini abu guda wanda karkatacciyar kasuwarki za ta yi, miƙaƙƙiya ta kasa. In kin nuna, na bar miki ita. In kin kasa, ke da hannunki za ki fara cire jinkar rumfarki."

Ta ce, "Na yarda, Allah ya ja zamaninka. Gobe da sassafe Sarki ya zo ƙofar gabas ya yi cefanen miya da kansa, amma idonsa a rufe, babu mai jan hannunsa."

Fadawa suka ɗauki salati, wani ma har ya ce tsufa ya taɓa ta. Sarki kuwa abin ya ba shi dariya, ya ce zai zo.

Gari na wayewa sai ga Sarki a ƙofar gabas, Waziri na biye yana yamutsa fuska. Tasalla ta miƙa wa Sarki kwando, ya ja gefen rawaninsa ya rufe ido. Ta san in ya yi tuntuɓe sau ɗaya kasuwa ta tafi. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ka sa iska ta zama a bayanka, ka bi hancinka."

Iskar kogi ta taso, ta kwaso ƙamshin furen lalle da wardi ta lulluɓe shi. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya taka. Da ƙamshin fure ya fara ja baya, sai na lawashi da ɗanyen ganye ya tarbe shi. Ya juya hagu ya ce, "Mai alayyahu, ba ni dami biyu." Mai alayyahu ya zuba masa. Lungu ya lanƙwasa, shi ma ya lanƙwasa, don citta da kanumfari sun kira shi daga dama. Bayansu daddawa, wadda ba ta bukatar mai shela. Ya wuce masu nono da man shanu, ya wuce masu kifi, har ya isa wurin mahauta a ƙofar yamma, kwandonsa cike, ko tabarmar mutum ɗaya bai taka ba. 'Yan kasuwa suka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa.

Sarki ya yaye rawani ya ce, "Wa ya ja ni?"

Tasalla ta ce, "Babu wanda ya ja ka sai kakanka na uku, Allah ya ji ƙansa."

Ya ce, "Ba ni labari, Iya."

Ta gyara mayafi ta ce, "Uwata ta ji daga kakarta cewa kakanka na uku, Sarki Zayyanu, yana da uwa wadda ba ta cin miyar da ba ita ta zaɓi kayanta ba. Da ta tsufa sai ta makance. Aka ba ta bayi su ja ta zuwa kasuwa, ta ƙi. Ta ce ita da ta haifi Sarki ba za a ja ta a gaban jama'a ba. Ta shige ɗaki ta daina cin abinci, har ta fara ramewa. Sarki Zayyanu ya tara 'yan kasuwa, ya ce su nemo masa dabara. Wata mai fure, wadda ni jininta ce, ta ce, ai kullum safiya iska daga kogi take tasowa ta nufi yamma. A sa mai sanyin ƙamshi a gaba, mai ƙarfi a baya, don kada wani ya danne wani. A kuma lanƙwasa lungu duk inda kaya suka canja, don hanci ya san an shiga wani wuri. Haka aka yi. Uwar Sarkin ta yi shekara tara tana cefanenta ita kaɗai. Har yau, ranka ya daɗe, dubi can."

Sarki ya waiwaya. Ga wani makaho da kwandonsa yana murza gauta yana cewa ba ta ƙosa ba, ga wata makauniya tana sansana wardi. Ba wanda ke riƙe da sandar wani.

Tasalla ta ɗaga kai, alfahari ya cika ta, ta ce, "A duk ƙasashen da Waziri ya zaga, ya faɗa mana inda ya ga haka."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce bai gani ba. Da aka tambaye shi su wa ya sa a ƙofar da iska ke shigowa a sabuwar kasuwarsa, ya amsa da ƙyar cewa mahauta da masu kifi ne, don sun fi kowa kwaramniya, yana so baƙo ya ga cika tun daga ƙofa. Jama'a suka kwashe da dariya.

Sarki ya ce, "Bakin Kogi ta zauna har jikokin jikoki. To, Iya, yaya za mu yi da sabuwar?"

Ta ce, "Kada a kunyata Waziri, ya yi wahala. A kai masu tukwane da masu tabarmi da maƙera can, kayansu da ido ake saye."

Sarki ya yaba da hankalinta, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa mata, ya kuma hukunta cewa ba za a ƙara matsar da ko rumfa ɗaya ba sai da yardar Magajiya. Ita kuwa ta zaro reshen furen lalle ta soka a kwandonsa, yadda ake yi wa duk wanda ya gama cefane a Bakin Kogi, babba ko yaro. Sarki ya hana fadawa karɓar kwandon, shi ya ɗauke shi da hannunsa har gida.

Mai littafin ya rufe da cewa, duk wanda ya gaji abu ya gan shi a karkace, to ya tambayi tsofaffi dalili kafin ya ɗauko gatari, gama sau da yawa saboda wani mai rauni aka karkata shi. Allah ne mafi sanin yadda aka yi.