Gadar Barmo

Tun zamanin da gari ba ya zaunuwa sai da ganuwa, an yi wani maharbin dorina a bakin Gulbin Marke, sunansa Barmo. Shi da ƙanensa Jatau kaɗai ke zaune a wannan dajin. Masunta na yi masa kirari: "Barmo na Jatau, ƙafa ɗaya a tudu, ɗaya a gulbi!"

Wata damina, gulbi ya cika ya batse, sai ga mutanen Kurmawa sun iso a guje. Mahara sun ci garinsu, kuma suna biye da su, tafiyar yini biyu ce tsakani. Sarkin yaƙinsu, Makau, ya sami Barmo yana wasa zagonsa, mashin da yake sukar dorina da shi.

Ya ce, "Maharbi, mu dubu uku ne, da tsofaffi da masu goyo da jakuna. Kwana nawa fito zai ɗauka?"

Barmo ya dubi ruwan ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana tara. Sai dai a yi wa gulbin hanya a bayansa."

Ya aika aka tattaro jiragen masunta arba'in da ɗaya. Mata suka tufka igiyar rama mai kaurin cinya har tafukansu suka fashe. Barmo ya kama bakinta da haƙora ya yi iyo ya haye, ya ɗaure ta a gindin giginya. Aka jera jiragen gefe da gefe a jikin igiyar, aka shimfiɗa gwangwala, aka ɗora zana, aka zuba ƙasa don kada jakuna su ga ruwa su tubure. Mutum bakwai ruwa ya ci a wurin aikin. An ce kadoji sun taru a ƙarƙashin gadar, amma ko ɗaya bai buɗe baki ba.

Rana ta biyu da hantsi aka fara hayewa. Kafin la'asar ƙurar mahara ta bayyana, ga sauran mutum ɗari biyar ba su haye ba. Makau ya zaɓi mayaƙa sittin su tare hanya. Jatau ya ɗauki kwarinsa ya bi su.

Barmo ya ce, "Kai ba Bakurme ba ne, dawo."

Jatau ya ce, "Yaya, kai ka ɗaura, ni in tsare."

Tsohuwar ƙarshe ta taka tudu daidai lokacin da mahara suka karya masu tsaron. Waɗanda suka rage suka hau gadar suna ja da baya, dawakin mahara na tsakiyarsu. Barmo na tsaye a gindin giginya da gatari. Ya hango Jatau a jirgi na goma, kibiyoyinsa sun ƙare, yana duka da bakansa.

Makau ya ce, "Sare!"

Barmo bai motsa ba, sai da ya ji muryar ƙanensa ta keto rurin ruwa: "Yaya, sare mana!"

Sara uku ya yi wa igiyar. Gadar ta lanƙwashe ta tarwatse, gulbi ya tafi da mahara da dawakinsu da Jatau. Ba a ga gawarsa ba.

Kurmawa suka kafa gari a wurin, suka sa masa suna Gadar Barmo. Suka ba shi sarautar ruwa, ya ƙi, bai kuma sake riƙe gatari ba har ya mutu. Har yau a garin ba a sa ƙarfe a kan igiya. Komai tsananin ƙulli, sai dai a zauna a kwance shi da hannu.