Ɓarin Ƙwaryar Filibus

Akwai wani manomi mai gonaki uku, kowacce tafiyar yini biyu daga gida. Ma'aikatansa can suke zaune a bukkoki, ba a ganinsu a gari sai bayan kaka. Irin shukar gonakin kuwa duk yana cikin rumbu guda a gida, a hannun wani dattijo mai suna Habila.

Shugabannin gonakin ba sa barin aiki su zo da kansu, aikowa suke yi. Don Habila ya gane manzon gaskiya, maigidan ya fasa ƙwarya uku, kowacce gida biyu. Ya ba kowane shugaba ɓari ɗaya, ya bar wa Habila ɗayan. Ya ce, "Duk wanda ya zo, haɗa ɓarinsa da naka. In baki ya hau baki, buɗe masa. Ranar da mutum ya bar aikina, karɓi nasa, ka ƙone shi tare da naka."

Ana nan, Filibus, shugaban gonar fadama, ya tsufa, ya nemi komawa garinsu. Ba faɗa, ba cacar baki. Ya biyo ya yi wa Habila sallama, suka ci tuwo a akushi ɗaya. Ga ɓarin nan yana leƙowa daga bakin jakarsa, Habila yana kallo, amma kunya ta ɗaure masa baki. Ya ce a ransa, "Haba! Shekara goma sha biyu muna tare, yau in ce ba ni, kamar na kama ɓarawo?" Nasa ɓarin ma ya kasa ƙonawa, wai ko Filibus zai dawo. Ya jefa shi cikin buhu tare da sauran, har da sabon da aka fasa wa magajin Filibus.

Da maigidan ya tambaye shi, "Ka karɓa?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, maigida." Kai, Habila! Tsofai-tsofai da kai!

Filibus mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe zance. Duk inda ya zauna sai ya fito da ɓarin yana yabon dabarar maigidansa. Wata rana a kasuwa aka ɗauke jakar.

Gab da faɗuwar damina, maigidan ya tafi zagayen gonaki. Da tsakar rana wasu mutum biyu suka iso da jakuna, suka durƙusa har ƙasa suka gaida Habila. Suka ce, "Baba, daga fadama muke. Maigida ya ce a kwaso irin duka, can za a raba." Suka miƙa masa ɓarin ƙwarya.

Habila ya yi shakka, don bai taɓa ganin fuskokin nan ba, kuma ba a taɓa kwashe iri gaba ɗaya ba. Amma ya zura hannu a buhu, ya gwada ɓari na fari, na biyu, na uku ya hau daram. Da hannunsa ya taya su ɗaure kaya.

Bayan kwana uku ruwa ya sauka. Manzannin gonaki uku suka iso jiƙe sharkaf, suna murna. Ya haɗa uku, uku suka hau. Na huɗu, na Filibus, ya rage a tafin hannunsa.

Shekarar nan ciyawa ce ta cinye gonakin. Ma'aikata suka watse da iyalansu neman abinci, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙofar rumbun, ko ƙwarzane babu, ya ce, "Ba wanda ya fasa mini rumbu, Habila. Kai ka buɗe."

To, jama'a, ga ma'anar misalin nan. Rumbun shi ne duk amanar da Ubangiji ya sa a hannunka. Yau da yawanku da mutanen nesa kuke aiki ta waya, ba ku ganin fuskar juna, lambar sirri ce ƙwaryarku. Wanda ya bar aiki, ko ɗan'uwanka ne a zumunta, rufe shigarsa ranar nan, ka canza lambar. Ba zargi ba ne, kare shi ka yi, ka kare masu ci daga rumbun. In saƙo ya zo da alama daidai amma buƙatar baƙuwa ce, dakata ka kira mai abin.

Zuciya ma haka take. Akwai tsohon hali da ka ce wa Ubangiji "an gama", alhali ɓarinsa yana nan cikin buhunka. Ina gaya maka da baƙin ciki, ran da zai dawo ba zai fasa ƙofa ba. Zai gaishe ka da ladabi, kai kuma ka taya shi ɗaure kaya.