Tantabarun Mati

A wani ƙauye kusa da Malumfashi akwai wani manomi mai suna Mati, mutum mai ƙwazo, amma taurin kansa ya fi ƙwazonsa yawa. In ya ce eh, ko gari duka zai taru ba ya komawa a'a. Abin alfaharinsa a duniya tantabaru ne. Ya jera musu tukwane a ƙarƙashin rufi, daidai tagar ɗakin matarsa Suwaiba, yana cewa su ne albarkar gidan. Kashinsu kuwa yakan tara a buhu ya jingine a bayan ƙofar ɗakin, sai damina ya kai gona.

Ciwon Suwaiba da atishawa ya fara, da ƙaiƙayin ido. Daga baya ƙirjinta ya soma ƙara in tana numfashi, har ta kai tana hutawa sau uku kafin ta gama sharar tsakar gida. Yayanta Maharazu ya kai ta asibiti. Likita ya ce asma ce, kuma abin da take shaƙa a gida ne ke tayar da ita: gashin tsuntsaye, garin busasshen kashinsu, da fumfunar da ke bin buhunan in sun ji danshi. Ya ba ta abin shaƙa, ya ce a raba ta da tsuntsayen tun da wuri.

Da aka gaya wa Mati, ya yi dariya har da buga cinya. "Tantabara ce za ta hana mutum numfashi? Kakana da su ya tsufa. Sanyi ne kawai, ki sha citta."

"Malam, wallahi in na shiga ɗakin nan kamar an ɗora mini dutse a ƙirji," in ji Suwaiba.

"To, ki buɗe taga," ya ce, alhali tagar ce hanyar ciwon.

Maharazu ya ɗauke ta zuwa gidansa a Bakori. Kwana goma ta yi a can, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Wannan ya isa ya zama aya ga mai hankali, amma Mati sai ya ji haushi, wai za a ce gidansa ne ba ya zaunuwa. Ya aika ta dawo, ta kuwa dawo, tana tsoro amma ba ta iya musu ba.

Ranar da zai kai taki gona, ya jawo buhunan a gaggauce, ɗaya ya yage a tsakar ɗaki. Ya ce ta tattare kafin ya dawo. Suwaiba ta ɗauki tsintsiya, garin ya turnuƙe ɗakin. Maƙwabciya ce ta same ta a durƙushe a bakin ƙofa, leɓɓanta sun canza launi, abin shaƙar ya ƙare tun makon jiya. Kafin Keke Napep ya kai asibiti, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku Mati ya farfasa tukwanen yana kuka, ya kori tsuntsayen da sanda. Kafin la'asar duk sun dawo sun jeru a kan katanga, domin tantabara ba ta manta gida. Suwaiba ce kaɗai ba ta dawo ba.

Darasin shi ne, abin da bai dame ka ba yana iya shaƙe na kusa da kai. Ƙura, gashin dabba, kyankyasai da fumfuna ƙananan abubuwa ne, amma ga wani su ne ajali. In naka ya ce wani abu a gida yana cutar da shi, ka yarda, ka kawar da shi yau, kada ka tsaya gardama.