Ƙofar Korau

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To, ku matso kusa. Wanda ya san barci zai yi ya tashi tun yanzu, kada ya yi mini minshari a tsakiyar daji.

An yi wani maharbi ana ce masa Korau. Gwani ne, wannan ba a musu. Idan ya ja baka, sai dai a ɗauko wuƙar fiɗa. Amma yana da wata cuta wadda ba ta jin magani: ba ya iya jin an yabi wani. Ko zakaran maƙwabcinsa aka ce ya iya cara, ranar tuwo ba ya wuce wa Korau a maƙogwaro.

A garinsu farautar zobe ake yi. Maharba su kewaye daji, kowa ya tsaya a wurinsa, wurin nan kuma shi ake kira ƙofarsa. Sai a yi ta kiɗa ana matsowa har namun daji su rasa mafita. Farautar tana da doka biyu. Idan nama ya fi ƙarfinka ka yi kira, wanda ya kawo maka hannu yana da cinya. Idan kuma nama ya fita ta ƙofarka ya tsere, Sarkin Baka zai kwance tsirkiyar bakanka a gaban jama'a, ka koma gida da sanda. Korau bai taɓa kira ba a rayuwarsa. Ya ba wani ƙato cinya? Ai gara ya kwana da yunwa.

Ana nan, ana nan, sai maharba suka ƙaranta. Wasu sun tsufa, wasu sun mutu, 'ya'yansu sun koma fatauci. Zobe ya zama duk giɓi. Sai Sarkin Baka, wani tsoho mai suna Arzika, ya aika wa maharban ƙauyukan da ke kewaye. Ya ce, "Dajinku da namu ya zama ɗaya. Kuma duk mai sha'awa, manomi ne, maƙeri ne, wanzami ne, ya zo mu ba shi baka mu koya masa."

Mutane kuwa suka zo. Aka raba su, kowane tsohon maharbi aka ba shi baƙo ɗaya. Korau aka ba shi wani masaƙi mai suna Mati, mutum mai ƙaton ciki da yawan dariya, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba.

Duk wannan Korau ya haɗiye. Abin da ya gagare shi haɗiyewa shi ne gangar Cindo makaɗi. Sarkin Baka ya ce wa Cindo ya riƙa sa sunayen baƙi a ganga don su ji ƙarfin gwiwa. Da safe Korau ya ji ganga tana kiran Mati. Mati! Shi da ya yi shekara da shekaru yana shan ƙaya da cizon kaska kafin ganga ta san sunansa. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce a ransa, sai an kwance tsirkiyar masaƙin nan, sauran su ji kunya su watse.

Ya kira Mati ya ce, "Darasinka ɗaya ne. Namiji ba ya kira."

Mati ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba."

Ana gobe farauta, Korau ya tafi bakin tafki da hantsi, ya ajiye baka da kwari a ƙasa. Ya ce, "Gada, gada, fito, ba harbi ya kawo ni ba."

Gada ta leƙo ta ce, "Me ya kawo ka, maharbi?"

Ya ce, "Gobe za a yi zobe. Ki bi ta ƙofar baƙo, hannunsa rawa yake."

Gari ya waye, aka kewaye daji, ganga ta tashi. Gada ta nufi Mati a guje. Da Mati ya ga abu ya taso masa, darasi ya gudu daga kansa. Ya yar da baka ya kwarma ihu, "Wayyo jama'a, ku kawo hannu!" Maƙeri ya sheƙo daga dama, wanzami ya sheƙo daga hagu, suka rufe ƙofa, suka kama gada da hannu. Suka raba cinyoyi suna ta dariya, Cindo yana kiɗa. Jin haka, a farauta ta gaba mutane suka ƙaru.

Korau ya koma bakin tafki, ya ajiye baka da kwari. Ya ce, "Gwanki, gwanki, fito, ba harbi ya kawo ni ba."

Gwanki ya ce, "Haka ka ce wa gada. Ina take?"

Korau ya ce, "Gada ƙarama ce, ba ta da ƙaho irin naka. Ka bi ta ƙofar baƙo, hannunsa rawa yake."

Gari ya waye, ganga ta tashi. Gwanki ya sunkuyar da kai ya nufi Mati. Mati ya kwarma ihu, "Wayyo jama'a, ku kawo hannu!" Wannan karon har maharban ƙauye suka zo. Kafin gwanki ya kai ƙofa kibau sun same shi ta ko'ina. Aka shiga gari da nama, mata suna guɗa, yara suna bin Mati suna taɓa kwarinsa. Korau ya shige ɗaki ya kwanta ya juya fuska bango.

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, zazzaɓi ne?"

Ya ce, "Ki fita mini daga ɗaki."

Ta ce, "Oho, wancan zazzaɓin ne." Ta fita abinta.

Karo na uku Korau ya koma bakin tafki. Ya ce, "Ɓauna, ɓauna, fito, ba harbi ya kawo ni ba."

Tsohuwar ɓauna ta fito daga taɓo a hankali, ta tsaya tana tuƙa.

Ya ce, "Ke babu mai tare ki. Ki bi ta ƙofar baƙo, hannunsa rawa yake."

Ta ce, "Na ji. Kai kuma ina za ka tsaya, don mu kauce maka?"

Ya ce, "Gindin ƙirya, ta gabas. Wanda ya zo can ya mutu."

Ta ce, "Wa ke kusa da kai?"

Ya buga ƙirji ya ce, "Ni? Ba na son kowa kusa da ni."

Ta ce, "Madalla." Ta koma cikin taɓo.

Ranar farauta Korau ya tsaya gindin ƙirya. Ya kori na damansa, ya kori na hagunsa, ya ce su matsa can, numfashinsu yana damunsa. Ganga ta tashi. Ya kasa kunne yana jiran ihun Mati. Sai ya ji ƙasa tana girgiza. Ya ɗaga kai, ga ɓauna a gaba, bayanta gwanki, barewa, mariri, gyado, har zomo da 'ya'yansa, duk dajin ya taho ƙofarsa.

Ya saki kibiya, ta bugi ƙahon ɓauna ta karye. Bakinsa ya buɗe zai yi kira. Sai ya tuna cewa Mati ma zai zo, Mati zai ɗauki cinya daga hannunsa, ganga za ta faɗa wa gari cewa masaƙi ya ceci Korau. Ya haɗiye kiran, ya dare ƙirya. Namun daji suka wuce ta ƙarƙashinsa har na ƙarshe.

Da ɓauna ta fita zobe, ta tsaya kan tudu ta juyo. Maharba duk sun taru. Ta ɗaga murya ta ce, "Korau, mun gode da shawarar bakin tafki! Ka tura gada ƙofar baƙo ta mutu, ka tura gwanki ya mutu. Baƙo yana da mutane. Sai muka nemi ƙofar wanda ba shi da kowa."

Sarkin Baka ya ce, "Sauko, Korau."

Korau ya sauko ya ce, "Ranka ya daɗe..."

Tsohon ya miƙa hannu. Ya karɓi bakan, ya taka shi da ƙafa, ya kwance tsirkiya, ya miƙa masa itacen.

Da farauta ta gaba ta zo, Korau yana zaune a zaurensa yana jin ganga daga nesa. Abu ɗaya ne yake sanyaya masa rai. Yana cewa, bari su gani, yau za su san wanda ke riƙe da gabas.

Da la'asar sai ga Mati da sallama, da ƙatuwar cinya a kafaɗa. Ya durƙusa ya ajiye. Ya ce, "Baba, ga rabonka. Kai ka fara ɗora mini baka a hannu."

Korau bai dubi naman ba. Ya ce, "Ƙofata fa? Nama nawa ya tsere ta can?"

Mati ya sosa kai ya ce, "Wace ƙofa, Baba?"

"Gindin ƙirya mana!"

Mati ya ce, "Au! Ai yau mutane sun yi yawa, kafaɗa da kafaɗa muka tsaya. Wallahi ba wanda ya tuna akwai ƙofa a can."

Korau ya juya fuska bango. Tabawa ta zo ta ɗauki cinyar ta yi farfesu, ta cinye ita da maƙwabta.

To, kun ji. Idan sabon yaro ya zo dandali yana son wasa, ku buɗa masa wuri. Kuma idan abu ya fi ƙarfinku, ku buɗe baki ku kira 'yan'uwanku. Wanda yake jin zafin a yabi wani, shi ne yake ƙarewa shi kaɗai.

Ƙurunƙus, kan ɗan gada! Tatsuniya ta koma daji, ku kuma kowa ya nemi tabarmarsa.