Motar da Ta Ci Fadama

A kwanakin da kwalta ba ta iso ƙauyukanmu ba, akwai wani mutum, manomi, wanda mahaifinsa ya bar masa fadama a bakin rafi. Ba babba ba ce, amma ko da rani ba ta bushewa. Rake yake nomawa a ciki, da albasa, da tumatir. Da ita ya yi aure, da ita ya sa 'ya'yansa a makaranta, daga cikinta kuma yake kai nunan fari majami'a kowace shekara. Sa'ad da mahaifin yake bakin mutuwa, abu ɗaya ya roƙe shi, kada fadamar nan ta fita daga gidan.

Mutumin nan gwani ne wajen sayen dabba. In maƙwabci zai sayi san noma, sai ya zo ya ɗauke shi su tafi kara, kasuwar shanu, tare. Yakan buɗe bakin san ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, sa'an nan ya tambayi mai shi, "Yaya cinsa?" Yakan ce kuɗin sa rana ɗaya ake biya, amma cinsa kullum ne.

Ana nan sai wata shekara albasa ta yi kuɗi ƙwarai. Zuciyarsa ta ce masa lokacin mota ya yi. Ya ɗauki abokinsa Filibus, bakanike, wanda aka yi musu baftisma tare a rafi tun suna samari, suka nufi birni.

Dillali ya nuna musu motoci biyu. Ɗaya a-kori-kura ce, fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu, ga ta kuma da tsada. Ɗayar doguwa ce, baƙa, tana ƙyalli, kujerunta masu laushi. An ce wani babban ma'aikaci ne ya hau ta. Kuɗinta bai kai na a-kori-kurar ba ko kusa.

Filibus ya shiga ƙarƙashin kowacce, ya fito yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan mummunar za ka biya ta yau da zafi, sa'an nan ka huta. Man da take sha kaɗan ne, kayan gyaranta kuma ko a kasuwarmu akwai. Waccan kyakkyawar kuwa, abin da za ka ba dillali yau shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ka biya."

Manomin ya ce, "Kai dai ka saba da tsofaffin ƙarafa. Ni in shiga gari da wannan gwangwanin? Ga mai kyau, ga araha!"

Mutumin da ba ya sayen ko akuya sai ya tambayi cinta, ranar nan fenti ya duba. Ya biya, aka miƙa masa makulli.

Ku yaran yanzu ba za ku gane abin da shigowar mota take nufi a lokacin ba. Yau mota ta wuce, ko kare ba ya ɗaga kai. A zamanin kuwa, mata sukan bar turmi su fito da guɗa, tsofaffi su zo su shafa ƙarfen su yi ta jinjina kai, fasto ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a. Haka aka yi wa wannan mutum, ya kuwa ji daɗi har cikin ransa. Ni ma da ni ne, da na ji.

Wata uku motar tana tafiya kamar ruwa. Daga nan ta fara nuna halinta. Fetur ɗin da a-kori-kura za ta yi mako da shi, ita zuwa kasuwa ɗaya take shanyewa. Hanyarmu ta duwatsu ce, ita kuwa ƙasa-ƙasa take, sai salansa ya faɗi. Aka gyara, sai lagireto ya fara yoyo. Tayarta ba irin ta kowa ba ce, sai an aika birni mai nisa a jira mako biyu. Buhun albasa uku ne kawai ke shiga bayanta, sauran sai ya yi hayar wata motar. Wadda yake haya kuwa ita ce a-kori-kurar nan da ya raina, don wani mai sayar da hatsi a garin gaba ya saye ta, tana ta aikinta tana tari.

Tumakinsa suka fara tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya don kuɗin gyara. Bayan su shanun huɗa suka bi. Matarsa Lai'atu ta ce masa, "Maigida, a da muna takawa zuwa sujada tare da maƙwabta, muna hira muna waƙa, ba mu taɓa makara ba. Yanzu kowace Lahadi turi muke yi da kayan ado. Ka sayar da ita mu huta."

Ya ce, "Bayan duk abin da na kashe mata? Wannan gyaran shi ne na ƙarshe."

Haka yake faɗa a kowane gyara, da gaske kuma yake faɗa.

A shekara ta huɗu injin ya buga gaba ɗaya. Filibus ya zo ya duba. Sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, ka bar ta haka. Abin da ya tafi ya tafi. Fadamarka tana nan, shekara biyu ta isa ta mayar maka da shanu."

Amma mutumin ya ji kunyar a ce motarsa ta mutu a ƙofar gida. Ya tuna guɗar ranar da ya shigo da ita, ya kasa haƙura. Bai shawarci kowa ba, ya sayar wa wani ɗan kasuwa fadamar, ya sayo wani injin. Injin ya yi wata bakwai, shi ma ya tsaya. Wannan karon ba sauran abin sayarwa. Aka ɗora motar a kan duwatsu, kaji suka mai da ita gida.

Da rani ya zo, abinci ya yi ƙaranci. Mutumin ya ɗauki fartanyarsa ya tafi ƙwadago, aikin da ya samu kuwa a fadamar mahaifinsa ne. Ya wuni yana ban ruwa a kwamin da ya haƙa da hannunsa. Da aka tashi, sabon mai gonar, mutumin kirki ne, ya sari rake biyu ya miƙa masa ya ce, "Baba, ga wannan ka kai wa iyali." Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Sai da ya haye rafin, inda ba mai ganinsa, ya zauna ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwana, ita ce wannan. Ba cewa nake sayen mota zunubi ne ba, ni ma a mota aka kawo ni yau. In za ku saya ma, ku je da bakanike, ku kuma ji maganarsa. Amma baƙar motar nan ita ce duk abin da ke zuwa mana da kyan gani da sauƙin shiga: ƙaryar da ta fitar da kai daga kunya yau, kwalbar da aka saya maka kyauta, abotar da ba ka so matarka ta sani, son a gan ka a yaba. Mugun ba ya tsawwala kuɗi a ranar farko. Daga baya ne yake karɓa, kaɗan-kaɗan, har sai ya kai ga abin da ka rantse ba za ka taɓa ba.

A-kori-kura ita ce hanyar Ubangiji. Ba ta da ƙyalli, shigarta kuma da tsada, gama za ta ci maka girman kai da wasu abokai. Amma tana ɗaukar kaya, tana kuma kai mutum gida. Fadama kuwa ita ce abin da iyayenmu suka bar mana, su da ba su da mota ko keke: bangaskiya, da suna mai kyau, da gidan da ake kwana lafiya.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ba ranar saye mutumin nan ya yi hasarar fadamarsa ba. Kowa yana iya ruɗuwa a gaban dillali, Allah kuma mai gafara ne. Ya yi hasararta ne ranar da aka ce masa ya tsaya, shi kuwa ya ji kunyar tsayawa.

Na sani a cikinmu yau akwai wanda tumakinsa sun tafi, shanunsa sun tafi, yana zaune yana ce wa kansa saura gyara ɗaya. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ba saura gyara ɗaya. Ka kashe injin, ka sauka, ka taka da ƙafa ka koma wurin Ubanka. Mutane za su yi dariya mako ɗaya, su manta. Ka bar su su yi.