Fatalwar Mai Shayi da Masu Shawara Uku

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ni kaina ta gagare ni yankewa.

A wata kwaleji an yi wani ɗalibi mai karatun shirya fim, Shu'aibu. Yaro ne mai basira, sai dai Allah ya zuba masa zargi, ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Shi ne ya shirya ɗan gajeren fim na ban tsoro da ban dariya, labarin wani mai shayi da ya rasu, fatalwarsa ta riƙa bin ɗakunan kwanan ɗalibai tana neman kofunan da suka ɗauka ba su mayar ba. Burinsa ya ci gasar makarantar, domin wanda ya ci za a tura shi Jos ya yi wata guda yana koyo wajen ƙwararru, shi da mutum ɗaya da ya zaɓa.

Kafin ya miƙa fim ɗin ya tara mutum uku ya kunna musu a kwamfuta. Har aka gama ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya firgita. Shu'aibu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Murja ce ta fara magana, 'yar ajinsu, wadda ita ma ta shiga gasar da nata fim. Ta ce, "Wurin nan da gawa ta tashi zaune cikin makara tana neman sukari, cire shi. Makarar masallacin unguwa ka aro, kowa ya san ta, iyayen mutane aka ɗauka a ciki. Alƙalan gasar nan kuma dattawa ne." Shu'aibu ya ce a ransa, da walakin goro a miya. Duk fim ɗin ba inda ya fi so kamar nan, kuma abokiyar takara ce ke cewa a cire. Bai yarda da ita ba ko kaɗan. Sai da ya tuna a makarar nan aka ɗauki kakansa, sannan jikinsa ya yi sanyi ya yanke wurin.

Na biyu Isiyaku Dogo, wanda ya fito a fatalwar. Ya ce, "Kai darakta, ka lulluɓe ni da zanin gado tun daga farko har ƙarshe. Wa zai yi wa zanin gado dariya? Buɗe fuskar, a ga yadda fatalwa ke ɓata rai in ta tarar an mai da kofinta mazubin omo." Shu'aibu ya harare shi. Ya san Isiyaku sarai, so yake 'yan matan makaranta su gane shi a hanya. Duk da haka ya sake ɗaukar wuraren, yana yi yana tsaki.

Na uku Nafi'u, abokin ɗakinsa, wanda ba ruwansa da fim, karatun haɗa magunguna yake yi. Ya ce, "Ni dai kiɗan nan da kururuwar ne suka dame ni. Kashe su duka. Bar ƙarar cokali kawai yana kaɗa shayi a ɗakin da babu kowa." Shu'aibu ya yi dariyar takaici. Makonni kiɗan nan yana hana Nafi'u karatu, ga jarrabawa ta ƙarato, ai biri ya yi kama da mutum. Ya kashe kiɗan da niyyar ya nuna masa shawarar ba za ta yi ba, sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi shi da ya shirya abin.

Ranar gasa zaure ya cika. Wani fim da aka fara nunawa ya yi wasa da jana'iza, alƙalai suka sa aka kashe shi tun bai kai rabi ba. Da aka zo na Shu'aibu, cokali ya fara ƙara cikin kofi, zaure ya yi tsit, har wani alƙali ya waiga ya duba bayansa. Can fatalwa ta leƙa kofi ta ga omo, ta murtuke fuska, jama'a suka kece da dariya har da masu faɗowa daga kujera. Shu'aibu ya zo na ɗaya.

Amma kada ku ce zarginsa na banza ne. Fim ɗin Murja akwai jana'iza ta gaske mai sa kuka, da an riga an yi wa makara dariya da nata ya lalace, ga shi ta zo ta biyu. Isiyaku yanzu ko kanti ya je sai an tsayar da shi a yi hoto. Nafi'u ya samu shiru ya ci jarrabawarsa.

Abin ya ci wa Shu'aibu rai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, don shi suka faɗa ko don kansu? Murja ta dube shi ta ce, "Da na yi shiru ai da ni ce ta ɗaya." Isiyaku ya ce, "Fuskata ce, amma kofin gasar a hannunka yake." Nafi'u kuwa kwana biyu bai ci abinci tare da shi ba.

Yanzu shugaban sashe ya kira Shu'aibu yana jiran sunan mutum ɗaya da zai raka shi, su ukun kuma suna tsaye a bakin ofis, kowa ransa a ɓace. Shu'aibu ya san duk wanda ya bari, ya tabbatar masa ke nan cewa bai yarda da shi ba, zumuncin kuma ya ƙare. Ba don Murja ba da an kashe fim ɗin tun bai kai rabi ba, ba don Isiyaku ba da ba wanda ya yi dariya, ba don Nafi'u ba da ba wanda ya tsorata, kuma kowannensu ya ci riba da shawararsa.

To jama'a, ku da kuka ji duka, wa Shu'aibu zai tafi da shi Jos?