Ƙaiƙayin da Ya Ceci Tarwaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai santsi!

Ta zo mu riƙe ta, Kawu Jatau!

Ni nan da kuke gani, da yatsa biyu nake kama tarwaɗa. To, in tana cikin kasko an soya ta.

A da, lokacin da Tafkin Kuka yake cike taf, bado ya rufe shi, mata suna sheƙar gero a bakinsa suna waƙa, kifi duk a sandare yake kamar muciya. Zalɓe sai ya zo ya tsinta, ya tsinta. Ran nan ya leƙa Tarwaɗa ya ce, "Ke mai gashin baki, gobe ke ce kalacina."

Tarwaɗa ta tafi wurin Kwaɗo. "Yaya Kwaɗo, ka cece ni."

Ya ce, "Ki yi tsalle."

Ta ce, "Da wace ƙafar?"

Ta tafi wurin Kunkuru. Ya ce, "Ki shige ƙoƙo."

Ta ce, "Da wane ƙoƙon?"

Ta tafi wurin tsohuwa Gaiwa a cikin laka. "Iya, gobe za a haɗiye ni."

Gaiwa ta ce, "Jikata, je ki kwanta inda mata suke sheƙa. Abin da iska ta kawo, ki karɓa."

Ta je ta kwanta. Ƙaiƙayin gero ya zubo mata, ya zubo, ya shiga ko'ina. Wayyo! Ga ƙaiƙayi, ba hannun susa. Ta lanƙwasa nan, ta lanƙwasa can, mutsu-mutsu, mutsu-mutsu.

Da safe Zalɓe ya cafke ta, sai suɓul! Ya sake, suɓul! A na uku ta kwaɗa masa wutsiya a ido. Ya ce, "Wannan ba abinci ba ce, farfaɗiya ce!" Ya tashi fir.

Tarwaɗa ta roƙi Maciji ya sosa mata, shi ma ya kwashi ƙaiƙayin. Ta goga wa Tana, ta kwasa. Har yau ba wanda ya sami mai susa.

Ƙurunƙus kan Zalɓe mai yunwa. Abin da ya hana ka sakat, wata rana shi zai fid da kai.

Ko jiya sai da na sosa wa wata tarwaɗa a tafkin, har ta ce, "Allah ya saka, Jatau."

"Kawu, jiya? Tafkin da aka cike aka gina shaguna a kai tun ban yi wayo ba?"

Ke Dije, tashi ki kawo min ruwa.